Wane karatu ke kai mutum ga sana'ar giyar inabi? Amsa ga wata ɗaliba a Agege

Tambayar ta fito ne daga wata yarinya da ke zaune da iyayenta a Agege, mutanen Kudancin Kaduna ne. Ta gama sakandare, tana shirin zana JAMB. Ta ce ta ga labarin wata baƙar mace 'yar Afirka ta Kudu mai kamfanin giyar inabi nata na kanta, abin ya kwanta mata a rai, tana so ta san wane kwas ake karantawa, kuma ko ana iya farawa daga Najeriya. Ta ƙara da cewa babanta ya yi mata dariya, ya ce shi bai taɓa jin wanda ya je jami'a don koyon dafa burkutu ba.

'Yata, sannu da himma. Ni kimiyyar abinci na karanta, kuma aikina gwajin inganci ne a kamfanonin kayan sha da ke Ikeja da Agbara, don haka da idon mai ɗakin gwaji zan ba ki amsa. Gajeriyar amsar ita ce: kwas ɗin da aka keɓe wa wannan sana'a sunansa noman inabi da inoloji, wato kimiyyar giyar inabi, kuma a ƙasashen da ke noman inabi da yawa ake karanta shi. Amma ban ba ki shawarar ki sa shi a gaba yanzu ba. Ki fara da kimiyya da fasahar abinci, ko ilimin ƙananan halittu, a nan gida. Dalilin zai fito in kin ga abin da aikin ya ƙunsa.

Matar da kika gani, in na fahimce ki daidai, Ntsiki Biyela ce. 'Yar ƙauyen Mahlabathini ce a lardin KwaZulu-Natal, ta yi aikatau bayan ta gama sakandare, sai kamfanin jirgin saman Afirka ta Kudu ya ba ta tallafin karatu, ta shiga Jami'ar Stellenbosch a 1999. Ba ta san komai game da giyar inabi ba a lokacin, kuma da harshen Afirkans ake koyarwa, harshen da ba ta ji. Ta gama a 2003, ta kama aiki a wani ƙaramin kamfani mai suna Stellekaya a 2004, ta ci kyautar gwarzuwar shekara ta mata masu wannan sana'a a 2009, daga baya ta buɗe nata kamfanin ta sa masa sunan kakarta, Aslina. Masu ba da labarinta sukan tsaya a kan aikatau da kyautar, su tsallake shekarun da ke tsakiya. Digirin aikin gona ta yi, mai cike da kemistiri da ilimin tsirrai da na ƙasa, sannan ta yi fiye da shekara goma tana yi wa wasu aiki kafin ta tsaya da ƙafarta.

To me mai wannan sana'a yake yi da har sai ya sha kemistiri? Tun inabi na kan kurangarsa aikin ke farawa. Yana zagaya gona da wata 'yar na'ura kamar guntun madubin hangen nesa, ya matse ƙwayar inabi, ɗigo ɗaya ya sauka a kan gilashin, ya rufe, ya ɗaga wajen haske ya leƙa. A ciki akwai layi da ke raba shuɗi da fari, inda layin ya tsaya shi ne yawan sukarin, a ma'aunin da ake kira Brix. Inabin giya akan tsinke shi in ya kai kamar 22 zuwa 25. Kusan gram 17 na sukari a kowace lita ke ba da kashi 1 cikin 100 na barasa, don haka tun a gona ya san ƙarfin abin da zai fito. Sai dai yayin da sukari ke hawa, tsami na sauka, kuma tsamin nan shi ke tsare ruwan daga lalacewa. Ana so ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda ke sauka in tsami ya ƙaru, ya tsaya tsakanin 3 da 4, gwamma ma ya fi kusa da 3 da rabi ko ƙasa. In ka yi jinkirin mako guda sukari ya yi yawa tsami ya gudu; in ka yi gaggawa ka samu abu mai ɗanyen ɗanɗano. Ranar tsinka ita ce babbar shawarar shekara, kuma sau ɗaya ake yin ta.

Bayan an matse, sai yis ya karɓi aiki. Yis yana cin sukari ya fitar da barasa da iskar kabon, ya kuma fitar da zafi. Zafin nan sai an yi ta riƙonsa: farar giya ana tsima ta a sanyi, kamar digiri 12 zuwa 18, don kada ƙamshi ya tsere, ja kuma tana son 25 zuwa 30 don launi ya fito daga ɓawo. In zafi ya wuce kima yis ya mutu, tsimi ya tsaya a tsakiya, sukarin da ya rage ya zama abincin ƙwayoyin da ba a gayyata ba. Akwai wasu bakteriya da ake so, masu mai da kaifin tsamin inabi ya yi laushi irin na madara. Akwai kuma waɗanda ake gudu, waɗanda in iska ta shiga tanki sai su mai da barasa ruwan khal. Da sinadarin salfa ake tsare wannan, kuma yawan da za a zuba ya danganta da pH, wanda lissafi ne na kemistiri tsantsa. Duk wanda ya gudu daga ajin kemistiri a SS2, a nan zai haɗu da shi yana jiransa.

Babanki kuwa, ki gaishe shi, ki ce masa maganarsa akwai ƙamshin gaskiya. Matar da ke dafa burkutu tana jiƙa dawa, ta bar ta ta tsira, ta niƙa, ta dafa, ta bar ruwan ya yi tsami, ta zuba ragowar na jiya don na yau ya tashi. Matakan nan duka akwai su a littafin ɗan jami'a da sunayen Turanci. Bambancin shi ne burkutu kwana biyu zuwa uku ne ya lalace, kuma na yau ba ya zama daidai da na gobe. Abin da jami'a ta ƙara shi ne awo: yadda za a sa abu ya shekara a kwalba bai canza ba, kuma kwalba dubu goma su fito iri ɗaya. Wannan matsalar ce ma ta haifi fannin. Louis Pasteur masanin kemistiri ne, giyar Faransa da ke lalacewa a hanya ce ta sa aka nemi ya bincika, ya gano ƙananan halittu ne ke ɓata ta, ya nuna cewa ɗumama ta kaɗan na kashe su. Ya wallafa binciken a 1866. Ɗumamawar da ake yi wa madara da lemon kwali yau, daga can ta samo asali. A nan Legas ma, cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi, wadda aka kafa a 1956, ta yi irin wannan aikin a kan bammi, ta samo hanyar dura shi a kwalba ya daɗe bai yi tsami ba.

Makarantun fannin, yawancinsu masifa ce ta haife su ko ta raya su. A shekarun 1860 wani ƙwaro mai cin saiwa da ake kira filoksera ya shigo Turai daga Amurka ya cinye gonakin inabi, ba a samu mafita ba sai da aka koma yi wa kurangar Turai aure a kan saiwar inabin Amurka. Sai ga ciwon furfurar ganye, wanda wani malamin ilimin tsirrai a birnin Bodo na Faransa, Alexis Millardet, ya samo masa magani a 1885, haɗin sinadarin jan ƙarfe da farar ƙasa da manoma ke fesawa har yau. Gwamnatoci suka ga abin ya fi ƙarfin gado, sai an sa ilimi. Makarantar Geisenheim a Jamus tun 1872 take. A Faransa akwai takardar shaidar ƙasa ta masanin inoloji da aka kafa a 1955, karatun shekara biyu ne a matakin digiri na biyu, a biranen Bodo, Mamfeliye, Dijon, Tuluz da Rims, kuma wanda ya yi digirin farko a kemistiri, ilimin halittu ko aikin gona ake ɗauka. Ki riƙe wannan, don shi ne ginshiƙin shawarata. A Amurka, Jami'ar Kalifoniya reshen Davis ce kan gaba, sashenta ya tsaya a can a 1935, bayan an ɗage dokar hana barasa a 1933. A Ostireliya, Kwalejin Roseworthy ta fara difloma a fannin a 1936, yanzu tana cikin Jami'ar Adelaide. A nahiyarmu kuwa akwai Afirka ta Kudu: digirin shekara huɗu a Stellenbosch, da kuma kwalejin aikin gona ta Elsenburg da ke kusa da ita, wadda ta fi karkata ga aikin hannu.

Ba kowane gwani ne ya bi ta waɗannan ƙofofin ba, kuma za ki ji masu kafa hujja da haka. Émile Peynaud, wanda ya sauya yadda ake aikin a Bodo, yana ɗan shekara 15 ya fara a rumbun giyar wani ɗan kasuwa. Max Schubert na kamfanin Penfolds a Ostireliya ɗan aike ne da farko. Paul Draper falsafa ya karanta a Stanford. Warren Winiarski malamin kimiyyar siyasa ne a Chicago kafin ya koma gona, kuma jar giyarsa ce ta zo ta ɗaya a gasar ɗanɗano ta Faris a 1976. Rajeev Samant injiniya ne da ya yi aiki a kamfanin manhajar kwamfuta na Oracle kafin ya koma Indiya ya kafa kamfanin giyar inabi na Sula a Nashik. Duk gaskiya ne. Amma ki duba da kyau: Peynaud ya koma ya yi digirin dakta ya zama malami, Samant ya ɗauko ƙwararre daga Kalifoniya, kuma a gonar gidansu ya fara, sauran kuwa a ƙasashen da gonar inabi ke bakin ƙofa suka tashi, inda yaro zai shiga ya wanke tanki shekara goma har ya koya. Ke a Agege babu wannan ƙofar. Takarda ce za ta sa wani a Stellenbosch ko Bodo ya buɗe wasiƙarki, kuma ita ce za ta sa ofishin jakadanci ya saurare ki.

Yanzu ga abin da ke hannunki. Ki tabbata kina da kiredit a Turanci, lissafi, kemistiri, bayoloji da fizis. Haɗin darussan JAMB yakan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, sai ki duba ƙasidar shekarar kafin ki cike. Zaɓina na farko shi ne kimiyya da fasahar abinci, shekara biyar ce a jami'a, kuma akwai ta a FUNAAB ta Abeokuta, da OAU ta Ife, da FUTA ta Akure. Na fifita ta ne saboda ta haɗa abu uku da aikin ke bukata: kemistirin abinci, ƙananan halittu, da injiniyancin sarrafawa, wato yadda famfo da matata da injin sanyaya ke aiki. Ana kuma koyar da gwajin ɗanɗano a tsare, ba na "ni dai ya yi mini daɗi" ba. Ann Noble, wadda ta tsara taswirar ƙamshin giyar inabi da ake amfani da ita ko'ina tun shekarun 1980, kimiyyar abinci ta karanta kafin ta je Davis. Zaɓi na biyu ilimin ƙananan halittu ko bayokemistiri, shekara huɗu, akwai a UNILAG da LASU in ba ki son barin gari. Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka tana da sashen da ya haɗa ilimin ƙananan halittu da kimiyyar haɗa giya, sai dai giyar hatsi ya fi shafa. In maki bai kai ba, kada ki raina fasahar abinci a Yabatech. Na yi aiki da masu HND da hannunsu ya fi na masu digiri faɗawa a ɗakin gwaji, nesa ba kusa ba. Illarsa ɗaya, jami'o'in waje sukan nemi ƙarin difloma kafin su ɗauki mai HND a digiri na biyu.

Akwai kuma hanyar gona, wadda 'yan birni ke mantawa da ita. Kuma abin ya shafi jiharku kai tsaye, don a ƙaramar hukumar Kudan, kusa da Zariya, manoma na noman inabi har ana kawo shi kasuwannin Kudu. Inabin ci ne suke nomawa, mai manyan ƙwayoyi da siririn ɓawo, wanda akan tsinka kafin sukarinsa ya kai 20. Na giya ƙanana ne, ɓawonsu da kauri, cike da 'ya'ya, ba wanda zai saya a kan tire a Mile 12. Yawancin gonakin giya na duniya suna yankunan da ke da hunturu na gaske, inda kuranga ke zubar da ganye ta yi barci. A ƙasar zafi ba ta barci, sai manomi ya tilasta mata ta hanyar sassabe da shafa wa idanun reshe sinadari don su fashe tare, ya kuma daidaita lokaci yadda nuna za ta faɗo cikin rani, don ruwan sama a kan nunannen inabi ruɓa ne. A Dodoma ta Tanzaniya da kwarin São Francisco na Barazil, da irin wannan dabarar ake girbi sau biyu a shekara. Legas kam ruwanta da laimarta sun yi yawa. Idan har wata rana za a yi giyar inabi ta kirki a Najeriya, a ganina wanda ya karanta aikin gona a Samaru ko ya yi bincike a cibiyar binciken kayan lambu ta NIHORT da ke Ibadan ne zai buɗe hanyar kafin ɗan ɗakin gwaji, don sai an samu irin da ya yarda da ƙasarmu tukuna.

Wani abu da ke rikita matasa a Legas shi ne takardun WSET, wata hukuma da aka kafa a Landan a 1969, mai matakai huɗu. Takardu ne masu daraja, amma na sanin giya ne da sayar da ita: yankuna, nau'o'in inabi, ɗanɗano, haɗawa da abinci. Su ake nema a manyan otal-otal na Victoria Island da Ikoyi da wajen masu shigo da kaya. Ba sa koya wa mutum ya tsima ko lita ɗaya. Kuma maganar gaskiya, ayyukan da ke Legas a wannan fanni sun fi yawa a can ɓangaren. Ki je kasuwar Oke-Arin ki ga katan-katan daga Sifen da Faransa da Afirka ta Kudu, za ki gane cewa garin nan mai saye ne da rarrabawa. Sauran aikin kuma na tsaro ne, irin na ɗakunan gwajin NAFDAC a Oshodi, don jabu ya yi yawa. A ƙarshen 2023 hukumar ta bankaɗo masu haɗa jabun kayan sha a kasuwar Eziukwu ta Aba, kuma a 2015 ogogoro mai gubar metanol ya kashe mutane a Ode-Irele ta jihar Ondo. Mai iya gano metanol a kwalba, shi ma wannan karatun ya yi.

Dole in faɗi wata magana saboda yawancin masu karanta wannan amsa Musulmi ne, kuma wasunsu na karanta waɗannan kwasa-kwasan. A Musulunci hanin bai tsaya kan mai sha ba, hadisi ya haɗa da mai matsewa da mai ɗauka da mai sayarwa, don haka wannan sana'a a rufe take gare su, babu kwana-kwana. Ke ma ki sani coci-coci da dama a Arewa ba sa ganin barasa da kyau, kuma a ajin inoloji sai kin kurɓa kin tofar, ba a kauce masa. Ki zauna da iyayenki a kan wannan tun yanzu. Shi ya sa ma na nace kan faffaɗan digiri. Ilimin da ke tayar da yis shi ne ke hana shi tashi. Wanda ke sa ido kan lemon kwali, yogot, maltin da ba barasa, ruwan khal, yis ɗin burodi ko zoɓon kwalba, da ma'aunin Brix da pH ɗin nan yake kwana yana tashi. In kin kai aji uku ra'ayinki ya sauya, ba ki yi asarar komai ba. Wanda ya yi inoloji zalla a waje ya dawo, shi ne ke rasa inda zai sa kansa.

In kuma ra'ayin ya tsaya, bayan bautar ƙasa sai ki nemi digiri na biyu. Faransa tana da sauƙin kuɗin makaranta in aka gwada da Amurka, amma sai da Faransanci mai ƙarfi, don haka ki fara koyonsa tun kina aji ɗaya; Alliance Française na nan Ikoyi, Kwatano ma ba nisa. Abin da masu ɗaukar aiki ke fara tambaya kuwa shi ne kaka nawa kika yi. Kakar inabi a Turai da Amurka daga Agusta zuwa Oktoba take, a Afirka ta Kudu da Ostireliya kuma daga wajen Janairu ko Fabrairu zuwa Afrilu, shi ya sa matasan fannin ke yin kaka biyu a shekara, su bi ta Kudu su bi ta Arewa. Kada ki zaci zama ne da kofi a hannu ana shinshinawa. Jan tiyo ne mai nauyi, da wanke tanki, da kwashe ɓawon inabi da shebur, awa goma sha biyu a tsaye cikin takalmin roba, hannu ya rine ya yi baƙi-baƙi. Akwai haɗari kuma: iskar kabon ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a gindin tanki, ba launi, mutum ya shiga bai auna ba sai a ɗauko gawarsa. Duk masana'antar da ke tsimi tana da dokar shiga tanki saboda wannan.

Kafin duk wannan akwai horon aiki a masana'anta da ake kira SIWES, wanda masu kwas ɗin shekara biyar ke yin wata shida a aji huɗu. Ɗalibai da yawa sukan nemi inda za a sa musu hannu a littafi su koma gida. Ke ki fara neman wuri tun zango guda kafin lokaci, a kamfanin kayan sha da ke Ikeja, Iganmu, Agbara ko Ota, ko a FIIRO. In an ɗauke ki, ki roƙi a raba miki watannin, rabi a ɗakin gwaji, rabi a filin sarrafawa tare da masu aikin dare, don a can ake wanke layi da soda mai zafi, a can za ki ga yadda datti kaɗan a bakin bawul ke ɓata tanki guda. Ki riƙe littafinki na kanki ban da na makaranta, ki rubuta kowane awo da kika yi da hannunki, da kwanan wata da sunan na'urar. In za ki tafi, ki nemi shugaban sashen ya rubuta miki wasiƙar shaida da ta ambaci gwaje-gwajen da kika iya ɗaya bayan ɗaya, don irin wannan wasiƙar ce makarantun waje ke nema tare da sakamakon digiri.